Daskarar da dafaffiyar shinkafa: Sauƙi ne ga uwargida, amma da sharaɗi

Ɗumame ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Tun kaka da kakanni tuwo ke kwana a tukunya, gari ya waye a mayar da shi bisa murhu, yara su karya kumallo kafin su wuce makaranta ko gona. Abin da yake sabo shi ne yadda wasu matan aure a biranenmu, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa, suka koma dafa shinkafar mako guda a tashi ɗaya, su kasa ta kashi-kashi su jefa a firiza. Wasu magidanta na gunagunin cewa son jiki ne ya kawo haka, amma ni ban yarda ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin gas da gawayi da na mota suka yi tashin gwauron zabo, kuma matar da ta baro ofis bayan la'asar ba ta da sa'a biyun tsayawa gaban tukunya. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Sai dai shinkafa tana da wani hali da ya kamata mai karatu ya sani. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Basilus seriyus, wadda ke zaune a cikin ƙasa, take kuma biyo ɗanyar shinkafa tun daga fadama. Tana da ƙwanso mai tauri wanda tafasa ba ta kashe shi. Da zarar an sauke tukunya, zafin shinkafar ya sauko ƙasa da digiri 60, sai ta farfaɗo ta shiga hayayyafa tana zubar da guba, kuma ba ta lafawa sai sanyi ya kai wajen digiri 5. Babban abin tsoron shi ne, ita wannan guba ko an sake dafa abincin ba ta mutuwa, ba ta kuma sauya masa wari ko ɗanɗano. Wanda ya ci sai amai ya turnuƙe shi cikin sa'a ɗaya zuwa biyar. A Ingila aka fara gano alaƙar cutar da shinkafa a shekarar 1971, daga gidajen abincin 'yan Sin da ke barin dafaffiyar shinkafa ta kwana a fili kafin su soya ta. Galibi mutum kan warware cikin yini guda, amma ga ƙaramin yaro ko dattijo, ƙarewar ruwan jiki ba abin wasa ba ne.

A nan ne nake ganin mun fi sakaci, domin kuwa shinkafar biki ko ta suna da ake zubawa a kula tun hantsi, a raba ta bayan magariba tana ɗumi-ɗumi, ta fi wadda ta yi mako biyu a firiza haɗari nesa ba kusa ba.

Hukumomin lafiya na Birtaniya sun ba da shawarar a sanyaya shinkafa cikin sa'a guda da saukewa, kada ta wuce yini ɗaya a firji, kada kuma a ɗumama ta fiye da sau ɗaya. Saboda haka uwargida ta baza ta a faffaɗan tire don ta huce da wuri, ta zuba gwargwadon cin mutum ɗaya ko biyu a leda mai kauri ko roba mai murfi, ta danne ta ta yi faɗi, ta rubuta kwanan wata a jiki. Mutanen Japan, waɗanda shinkafa ce tuwonsu, tun tana tururi suke naɗe ta don damshin ya zauna a ciki, kuma sun fi son firiza a kan firji, saboda sanyin firji yana sa shinkafa ta bushe ta yi tsatstsauri, alhali daskarewa na tsayar da ita yadda take. Wata guda ya isa, bayan haka armashinta ya fara raguwa. Ranar ci kuwa kada a bar ta a kan tebur wai ta narke. A yayyafa mata ruwa kaɗan a turara ta a madambaci, ko a tukunya mai murfi, har tururi ya ratsa tsakiyarta.

Duk wannan bayani ya rataya ne a wuyan wutar lantarki, kuma nan gizo ke saƙar. Firiza na buƙatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Jama'ar Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa Kano da Kaduna da maƙwabtansu cikin duhu fiye da mako guda. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙiyasta cewa firiza da ke cike tana riƙe sanyi sa'a 48 idan ba a buɗe ta ba, wadda ke rabi sa'a 24, firji kuwa sa'a 4 kacal. A zafin watan Afrilu irin namu, mai hankali zai rage wani abu daga wannan lissafi. A ganina, gidan da ba shi da sola ko janareta, kuma unguwarsu kan yini biyu ba wuta, bai kamata ya tara shinkafar mako ba, ta kwana biyu ta wadatar.

Ga mai yawan fita kuwa, akwai wata dabara mai sauƙi. A zuba ruwa rabin gora a daskarar da shi a tsaye, sannan a kwantar da gorar kusa da abincin. Idan aka dawo aka tarar ƙanƙarar ta kwanta a gefen gorar, to ta narke ta sake daskarewa a bayan ido, kuma shinkafar da ke kusa da ita sai zubarwa.