Kafin Ku Biya Kuɗin Gona

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, ƙungiyoyinmu da dama a Burumburum da kewaye suna shawarar sayen gonar haɗin kai. Shawara ce mai kyau. Amma kuɗin da ke cikin asusu gumin mutane ne, har da na gwauraye. Kada mu yi cinikin biri a sama.

Da fari ku san abin da kuke saye. Tun shekarar 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa dukan ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Abin da mutum yake saye shi ne ikon zama da noma a wurin. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan iko, kuma doka ta ce ba a sayar da shi ko a jinginar sai da yardarta. In kuwa gonar tana da satifiket na Gwamna, to, sai an sami yardar Gwamna.

Na biyu, ku binciki yadda gonar ta zo hannun mai sayarwa. Gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina? Wanda aka ba aro ko jingina ba shi da ikon sayarwa, ko da ya shekara 20 yana nomanta. In gonar gandu ce wadda ba a raba ba, sai dukan magada sun yarda, har da mata da waɗanda suka tafi cin rani. Ku tambayi mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona, kowa shi kaɗai.

Na uku, ku taka gonar da ƙafarku, gani ya kori ji. Ku zaga iyaka tare da maƙwabta, ku auna, ku tuna hekta 1 wajen eka 2 da rabi ce. Ku duba ko akwai fako, ko zaizayar ƙasa, ko ƙuduji, ko ruwa yana kwanciya da damina. Ku tambaya ko ɗorawa da kaɗanya da ke ciki suna cikin cinikin, gama wani lokaci itace yana da mai shi dabam.

Na huɗu, ku tabbata gonar ba ta shiga burtali ko makiyaya ba, ko kuwa gandun dajin Falgore, musamman ku na wajen Doguwa. Wanda ya sayar muku da irin wannan wuri ya sayar muku da rigima. Ku tambaya kuma ko gwamnati tana da wani aiki a wurin. Dattawanmu sun tuna yadda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ya cinye gonaki aka tashi ƙauyuka. In gwamnati ta karɓi ƙasa domin aikin jama'a, diyyar shuka da itatuwa da gini takan tafi ga wanda hukuma ta sani da wurin.

Bayan wannan sai a rubuta takarda. A sa iyaka ta gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka biya, da ranar. Mai sayarwa da magada da shaidu su sa hannu ko su dangwala a gaban dagaci. A rubuta sunan ƙungiya mai rajista, kada a sa sunan shugaba, don kada 'ya'yansa su ɗauka gado ne. Sa'an nan a kai sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko Tudun Wada ce, ko Doguwa, ko Kiru, ko Bebeji, a nemi takardar yarda.

Wani zai ce, ai tsakanin 'yan'uwa ba a bukatar takarda. Ku karanta Irmiya sura 32. Annabin ya sayi gona a Anatot daga ɗan'uwansa Hanamel a kan shekel 17 na azurfa, duk da haka ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Ku ma ku yi taku kofi 3: ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya a ofishin ikilisiya. Kafin damina kuma ku dasa jema ko bini-da-zugu a kan iyaka.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.