Injin Niƙa: Sau Da Yawa Ciwon A Maƙogwaro Yake

Duk wanda ya taɓa kwana a Abala ya san cewa bayan kiran sallar asuba, ƙarar da ke fara tashi ita ce ta injin niƙa. Masu ƙosai na layi da jiƙaƙƙen wake, masu masa da shinkafarsu, masu fura da hatsin da suka surfa. Ranar da injin unguwa ya ƙi, ranar ce ake shiga kasuwa da rabin jari, domin waken da aka jiƙa ba ya jiran gobe.

Iyayenmu mata sun sha kiran mu a gidan rediyo da kuka iri ɗaya: gari na fitowa da tsaki, wani lokaci da baƙi-baƙi, ko kuma a kai tiya biyar a ga abin da ya dawo bai cika ido ba. Su kuma masu inji suna ɗora laifi a kan man gazuwal da tsufan inji. Da muka zagaya muka tsaya kusa da su suna aiki, sai muka lura cewa sau da yawa injin da ke juyawa lafiyarsa lau, matsalar tana can inda hatsi ke shiga.

Ga yadda abin yake. A sama akwai mazurari inda ake juye hatsi. A ƙarƙashinsa akwai 'yar ƙofar ƙarfe da ake ja ko turawa don a rage ko a ƙara abin da ke sauka. Daga nan wani murɗaɗɗen ƙarfe ke tura ƙwayar zuwa tsakanin fayafayan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya na juyawa. Idan hatsi ya sauka da yawa, inji ya shaƙe, bel ya riƙa zamewa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mai ya ƙone a banza. Idan kuwa ya yanke, fayafayan su riƙa cin junansu, kuma wannan baƙi-baƙin da ake gani a gari ba komai ba ne illa garin ƙarfe. Shi muke tuƙawa mu ba yara.

Tun daga 2012, lokacin da 'yan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, bakunan da ake ciyarwa sun ƙaru, layin niƙa ya yi tsawo. Shi ya sa masu inji da dama suka je wurin masu walda aka sāke musu mazurari da babba, don a juye kwano da yawa lokaci guda. Dabara ce mai kyau, amma a nan ake yin kuskure. Wani mai inji da muka ziyarta ya sa an yi masa mai faɗi kamar daro, gefensa a kwance. Busasshiyar masara na gangarowa, amma da an zuba surfaffen hatsi mai danshi sai ya cure a wuya, ƙasansa rami, samansa a cike. Mai inji na ganin mazurari cike, alhali fayafayai na gudu babu komai. Cikin 'yan makonni haƙoransu suka side, matan unguwa suka koma wani wuri. Sai da aka yanke aka miƙar da gefen ya yi tsaye sosai, aka goge tabon walda na ciki da ke riƙe ƙwaya, sannan abu ya daidaita. Kuɗi biyu ke nan a kan aiki ɗaya.

Akwai kuma wanda ya sa sabon murɗaɗɗen ƙarfe, hatsi ya riƙa dawowa baya maimakon ya shige. Kafin a zargi ƙarfen, a duba ta ina inji ke juyawa, domin idan an harɗe bel ko an sauya mazaunin inji, juyin na iya komawa baibai. Shawarar makanikai ita ce a sauya abu ɗaya, a gwada da tiya guda ta dusa, sannan a taɓa na biyu. Wanda ya sauya uku rana ɗaya, in ta ɓaci bai san wanda zai kama ba.

Gyaran da ya fi burge mu kuwa shi ne mafi araha: mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, a manna shi a wuyan mazurari. Ƙusa, guntun waya, allura, duk yana cafke su kafin su kai ga fayafayai. Tsakuwa dai ba ruwansa da ita, wannan aikin rairaya ne, kuma na mai kaya ne.

Ba ƙaramin abu ba ne faifai ya fashe a Kurfai. Kayan gyara daga Yamai ake samo su, kasuwar Katako, ko a jira masu zuwa Ƙonni da Kano. Yankin ya shiga dokar ta-ɓaci a 2017, an hana hawan babur a 2020, sannan iyakar Nijeriya ta rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Masu inji ba su manta da yadda ƙarfe ɗaya ya zaunar da su makonni ba, mata suka koma turmi da taɓarya.

To Hajiya, idan kin kai niƙa, leƙa cikin mazurarin. Idan da tsohuwar ganga aka yi shi, ki tambaya me gangar ta taɓa ɗauka, domin wadda ta ɗauki maganin ƙwari ko mai ba ta dace da abinci ba, haka ma wadda fentinta ke ɓarewa. Ki ce a ware garin farko idan an sa sababbin fayafayai. Idan hatsi ya cure, kada ki sa hannu, kada ki bar yaron da kika aika ya sa, a kashe inji tukuna a zungura da icce. Ki kuma naɗe mayafinki kafin ki matsa kusa da bel.