Na'urar wuta ta zamani a jikin tsohon babur: aminci da alhakin mai sayarwa

Baburan Ingila irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959, da Norton Commando, da na kamfanin BSA, har yau suna da masoya a Turai da Amurka da Ostareliya. Yawancinsu da kayan wutar kamfanin Lucas suka fito, kuma abin da ke sarrafa lokacin tartsatsin fulogi shi ne kontak: ƙarafa biyu ƙanana masu buɗewa da rufewa yayin da inji ke juyawa. Kullum suna cikin gogayya, suna cinyewa, tazararsu na sauyawa, sai tayimin ya kauce, babur ya fara tari. Ga kuma sifirin ɓangaren da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu, shi ma yakan saki da tsufa.

Wannan wahala ce ta sa kamfanoni suka ƙera na'urar lantarki da za ta maye gurbin kontak. Boyer Bransden a Ingila na cikin na farko, Lucas ma ya fitar da tasa mai suna Rita, daga baya Pazon mai mazauni a Niyuzilan ta zo, Tri-Spark kuma daga Ostareliya. Masu Honda CB750 da Kawasaki Z1 su kuma sun san Dyna ta Amurka. Dabarar kusan ɗaya ce: maganaɗisu na juyawa a gaban wani ɗan ma'auni, shi kuma ya sanar da na'ura lokacin sakin wuta. Ba abin da ke taɓa wani, don haka ba abin da ke cinyewa. Wanda ya san sidiyai a baburan haya na yau ya san danginta.

Amfaninta a fili yake: babur ya tashi da wuri, ya yi silo ba gargada, tayimin ya zauna daram. Amma na'urar ba ta aiki ita kaɗai. Ana ɗora ta ne kan wayoyin da suka shekara hamsin, da makulli mai tsatsa, da batir da ba ya samun cikakken caji. Wasu samfuran farko, idan ƙarfin batir ya yi ƙasa, sukan saki wuta kafin lokaci, kik ya dawo ya bugi ƙafar mai shi. A Commando, inda inji ke zaune kan roba yana rawa, siraran wayoyin ma'aunin sukan karye ta ciki alhali fatarsu lafiya lau. Zafi ma abokin gaba ne, musamman ga samfurin da ke zaune kacokan a jikin inji. Tsofaffin baburan Ingila kuma wayar fozitib suke ɗaurewa a jikin ƙarfe, saɓanin na yau, kuma juya wayar na iya ƙona na'ura nan take. Sau da yawa abin da ake ɗora wa na'ura laifin waya ne ko koyil da bai dace ba.

Babban bambancin kontak da na'ura yana ga yadda kowanne ke mutuwa. Kontak yakan yi gargaɗi, kuma da sukudireba da ɗan sanfefa ana farfaɗo da shi a bakin hanya. Na'ura kuwa a rufe take ruf, galibi an cike cikinta da ƙaro, bakanike ba shi da abin kamawa. Idan ta mutu, sai dai a koma wa wanda ya sayar.

Shi ya sa halin mai sayarwa rabin kaya ne. Nagari yakan ba da takardar haɗawa mai zane, ya faɗi irin koyil da hular fulogin da suka dace, ya amsa waya ko saƙo, ya karɓi na'ura ya gwada kafin ya yanke hukunci, ya kuma sayar da ɓangare ɗaya ba sai an sake sayen duka ba. Wanda ya ɓuya a bayan cewa mai babur ne ya haɗa ba daidai ba, tun bai duba ba, ya ci amanar ciniki. Garanti kuma ba ya da amfani idan kuɗin aikawa wata nahiya da watannin jira sun fi ƙarfin mai saye.

Mai tsohon babur, kafin ka biya, gyara wayoyinka da cajin batir, ka aika wa mai sayarwa tambaya ka ga yadda zai amsa. Kada kuma ka yar da tsohon kontak ɗinka. Ajiye shi cikin jakar kayan aiki idan za ka yi doguwar tafiya.