Mene ne tilt-shift, kuma yaya ake yin sa da araha?

Kwanan nan ana yawan ganin hotunan gari da aka ɗauka daga sama, motoci da mutane sun koma tamkar kayan wasan yara. Wannan salo shi ake kira tilt-shift, wato karkata gilashin kyamara da gusar da shi.

Karkatawar ce ke sa siririn yanki ɗaya na hoton ya fito tangaran, samansa da ƙasansa su yi dishi-dishi, sai ido ya ɗauka ƙaramin abu yake kallo kurkusa. Gusarwar kuwa masu ɗaukar gine-gine ne ke buƙatarta, don kada dogon bene ya fito kamar zai kife. Canon ya fitar da irin wannan gilashi tun 1973, amma na yanzu kan haura dala dubu.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da mafita. Manhajar Snapseed kyauta ce, tana dusashe sama da ƙasan hoto a waya. Sharaɗi dai a ɗauka daga kan bene ko gadar sama, a ɗan ƙara wa launi ƙarfi. Wasu masu kyamara kan kwance gilashin, su riƙe shi da hannu a karkace. Yana aiki, sai dai ƙura na shiga cikin kyamara. A lokacin hunturu kam, gara a haƙura.