Tsufa a Koriya ta Kudu: Lafiya Ma Tana Bin Aljihu

A watan Disamba na 2024, waɗanda suka kai shekara 65 suka haura kashi 20 cikin ɗari na al'ummar Koriya ta Kudu. Jaririn da aka haifa a ƙasar yanzu ana sa ran zai yi kimanin shekara 83 a duniya. Sai dai ba kowa ke cin waɗannan shekaru da ƙarfin jiki ba. Alƙaluman ƙungiyar OECD sun nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na tsofaffin ƙasar suna cikin talauci, adadin da ya fi na kowace mamba.

Tushen abin yana cikin tarihi. Waɗannan dattawa su ne suka taso cikin yaƙin 1950 zuwa 1953 ko jim kaɗan bayansa, suka cika masana'antu, suka zuba abin hannunsu a karatun 'ya'ya da fatan su riƙe su in ƙarfi ya ƙare. Fanshon ƙasa bai fara ba sai 1988, bai game kowa ba sai 1999. Da yawa, musamman mata da manoma, ba su samu shekarun tara abin kirki ba. Rikicin kuɗi na 1997 ya kori wasu daga aiki, 'ya'yan kuma suka watse birane.

Jiki ne ke biyan wannan bashi. Inshorar lafiya ta game kowa tun 1989, amma majinyaci na cika wani kaso daga aljihunsa, don haka maras hali yakan daure da ciwon suga ko hawan jini har ya ci ƙarfinsa. A lungunan Seoul ana ganin tsofaffi sun duƙa suna tura amalanken kwalaye domin sayar wa masu sake sarrafawa. Gwiwa da baya ne ke fara gazawa. Na ƙauye kuwa, likitan ma yana nesa.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba: akwai inshorar kula da gajiyayyu tun 2008, da tallafin wata-wata tun 2014 ga kashi 70 cikin ɗari na tsofaffi, ɗan sama da won 300,000 na kuɗin ƙasar. Tallafin yana rage raɗaɗi, ba ya riƙe gida.

Yanzu ana muhawarar ɗaga shekarun da ake ƙirga mutum tsoho daga 65 zuwa 70 ko fiye. Tsohon ma'aikacin banki mai fansho ba zai ji a jikinsa ba. Tsohuwar da ke tsince kwali, a ganina, ita za a ce ta ƙara jiran tallafi.