Yadda Kanti Guda Ya Haifi Dubbai: Labarin Gidan Albrecht na Jamus

A cikin shekarar 1913 wata mace mai suna Anna Albrecht ta fara sayar da kayan abinci a wani ƙaramin kanti a Schonnebeck, unguwar masu haƙar kwal ce kusa da birnin Essen a ƙasar Jamus. Tana da 'ya'ya maza biyu, Karl wanda aka haifa a 1920, da Theo a 1922. Dukansu sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu, an kama su, sa'an nan suka komo gida suka karɓi kantin uwarsu a 1946. A lokacin ƙasar ta rushe, abinci ya yi wuya, kuɗi kuwa babu a hannun talakawa.

Dokar Jamus ta wancan zamani ba ta yarda ɗan kasuwa ya yi rangwamen da ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. Al'adar manyan kantuna ita ce su ba mai saye 'yan takardu ya tara, daga baya ya kai a mayar masa da rangwamensa. 'Yan'uwan nan suka ga jira ba ya yi wa matalauci daɗi, sai suka riƙa cire rangwamen nan take daga farashi.

Amma ba wannan ne asalin arahar kayansu ba. Asalinta rage ɗawainiya ne. Ba su tara kaya iri-iri, sai 'yan ɗaruruwa waɗanda kowane gida ya ke bukata kullum, kamar gari da sukari da sabulu da abincin gwangwani. Tun da ya ke irin kayan kaɗan ne, su kan sari kowanne da yawan gaske, masu masana'antu kuwa su sauke musu farashi. Da farko ba su sayar da abin da ke ruɓewa, ba su kashe kuɗi wajen talla, ba su ƙawata kanti. A kan yanke bakin kwali a ajiye, mai saye ya ɗauka da kansa. Abin da ya ƙi ciniki a janye shi. Har masu karɓar kuɗi ma haddace farashi su ke yi, don kada a biya wani lada ya manna wa kowane gwangwani takarda. Watau ribar kowane abu ƙanƙanuwa ce, yawan ciniki ne ke tara ta.

A 1950 suna da kantuna 13. A 1960 sun kai wajen 300. Ƙananan masu kantin unguwa da yawa ba su iya jure wannan gasa ba, da ma irinta da ta biyo baya, suka rufe.

A nan ne saɓani ya shiga. Labarin da ya yaɗu shi ne Theo ya so a sayar da taba sigari, Karl ya ƙi, wai za ta jawo ɓarayi. Hakimai da malamansu sun san yadda rabo ya kan watsa dukiyar gida. Waɗannan kuwa ba su sayar da kome ba, ba su kai juna ƙara ba. Ƙasar suka raba: Theo ya riƙe arewa yana Essen, Karl ya riƙe kudu yana Mülheim, kowa bai shiga yankin ɗan'uwansa ba. A 1962 suka fara amfani da sunan Aldi, wanda aka tsakuro daga Albrecht da kalmar rangwame. Reshen kudu ya shiga Amurka a 1976, Ingila a 1990, har kantunan rassan biyu suka haura 10,000.

Tun da ransu suka zuba mallakar kantunan cikin asusun amana na iyali, mai kama da waƙafi, yadda magada za su ci amfani amma ba za su yanyanka jarin ba. Theo ya rasu a 2010, Karl a 2014. Duk da wannan shiri, bayan rasuwar Berthold ɗan Theo a 2012, iyalinsa da ɗan'uwansa sun yi shekaru a gaban alƙalai kan wanda zai riƙe ɗaya daga cikin asusun reshen arewa.