HAYAƘIN INJI A LOKACIN ƊUMAMAWA: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Gabatarwa

Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi ne domin a jawo hankalin direbobi, da makanikai, da 'yan kasuwa, da magidanta ga wani haɗari da muke zaune da shi kullum, wanda sabo ya sa muka daina ganinsa. Wannan haɗari kuwa shi ne hayaƙin da inji ke fitarwa sa'ad da aka ta da shi, aka bar shi tsaye wuri guda yana aiki domin ya yi ɗumi. Mutane da yawa suna tsammani hayaƙin da ke sa ido hawaye shi ne mugu, wanda ba a ji warinsa ba kuwa ba shi da lahani. Alhali kuwa mai yaji yakan kori mutum da kansa, amma wanda ya fi saurin kisa ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Domin a fahimci wannan bambanci sosai, za mu fara da misali daga ƙasar Amurka, sa'an nan mu komo gida.

Tseren motoci na gajeren zango

A Amurka akwai wani irin tsere da motoci biyu ke yi kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙiyar hanya. Ƙungiyar da ta fi girma wajen shirya shi ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a shekarar 1951. Da can tsawon filin rubu'in mil ne, amma a shekarar 2008, bayan haɗarin da ya halaka direba Scott Kalitta, aka rage wa manyan motocin zango zuwa ƙafa 1,000, watau kimanin mita 305. Motar takan gama wannan tafiya cikin ƙasa da daƙiƙa 4, gudunta kuwa yakan wuce kilomita 500 a awa.

Ba fetur waɗannan motoci ke sha ba. Suna shan wani mai ne da ake kira naitiromitan, 'yan tsere kuma su taƙaita su ce naitiro, wanda ake gauraya kashi 90 cikin 100 nasa da wani man mai suna mitanol. Asirin ƙarfinsa shi ne yana ɗauke da iskar oksijin a cikin jikinsa. Kilo 1 na fetur yana bukatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, amma kilo 1 na naitiro bai bukatar ko kilo 2. Saboda haka inji yana iya haɗiyar mai ninkin-ba-ninkin a bugu guda.

Bayan kowane zagaye makanikai sukan kwance injin su sake haɗa shi, sa'an nan su ta da shi a rumfarsu don ya yi ɗumi, su kuma gwada lafiyarsa. A wannan wasa an yarje wa 'yan kallo su shiga har wurin rumfunan, don haka sukan yi dafifi a bakin igiya. Da zarar an juya injin daga mitanol zuwa naitiro, sai wani hayaƙi mai ɗorawa-ɗorawa ya turnuƙe wurin. Nan take idanu su kama zubar da hawaye, hanci ya yi zafi, maƙogwaro ya shaƙe, tari ya ɓarke. Makanikan da ke aikin suna sanye da takunkumi na musamman mai tace iska. Cikin 'yan kallo kuwa akwai masu ɗaukar jurewa a matsayin jarunta, har su riƙa gasar wanda zai fi daɗewa a tsaye.

Dalilin wannan yaji shi ne, a cikin hayaƙin akwai iskoki dangin naitirojin, waɗanda idan suka haɗu da damshin ido ko na huhu sai su zama ruwa mai ci, dangin ruwan batir. Lahaninsu ga huhu yana iya jinkirta bayyana har sai bayan awoyi, mai asma kuma shi ya fi shiga haɗari. A shekarar 2000, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon, a Faransa, ta sanya naitiromitan cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wannan ciwo. Duk da haka, ɗan kallon tsere yana da sa'a biyu: a fili yake tsaye, abin kuma na 'yan mintoci ne, yajin ma yakan tilasta masa ja da baya.

Namu filin: misalin Agyaragu

A Nijeriya ba a tsere da man naitiro, amma muna da namu wuraren ɗumama inji, waɗanda suka fi na Amurka cunkoso, kuma ba sa hutu. Mu ɗauki Agyaragu, garin da ke kudu da Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, a kan babbar hanyar zuwa Makurɗi. Garin ya yi suna da kasuwar doya, inda manyan motoci ke zuwa lodi su kai wa biranen ƙasar nan. Lokacin da doya ta fi yawa yakan haɗu da hunturu. Tun da asuba direba zai ta da mota, domin inji ya yi ɗumi, birki kuma ya tara iska. Ba mota guda ba ce, jeri ne.

To, su wa ke bayan salansa a wannan lokaci? Akwai 'yan dako da yaran mota, waɗanda wasunsu a gindin motar suka kwana. Akwai mai shayi da ya kafa tebur, da mai ƙosai da goyo a bayanta, da yara 'yan talla waɗanda tsayinsu ya yi daidai da bakin salansa. Waɗannan ba kallo suka zo ba, neman abinci ya kawo su, kuma gobe ma nan za su tsaya. Bugu da ƙari, da sanyin safiya iskar da ke kusa da ƙasa takan yi nauyi ta kwanta, saboda haka hayaƙi ba ya tashi sama da wuri.

Abin da aka faɗa game da Agyaragu haka yake a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, da matsayar manyan motoci ta Mararrabar Jos, da ta Tafa, da kowace tasha ko gareji a ƙasar nan. Haka kuma yake a wuraren biki, inda matasa ke wasa da mota ko babur, suna ba inji wuta a tsaye, jama'a sun yi musu zobe suna shewa.

Me ya sa inji mai sanyi ya fi guba?

Dalili na farko shi ne fetur ba ya zama tururi da kyau a cikin inji mai sanyi. Don haka ake ƙara masa mai fiye da kima, ko ta hanyar jan cok a tsofaffin injuna, ko ta hanyar kwamfutar mota a sababbi. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, ƙuna ba ta cika ba, sai guba ta fita ta salansa.

Dalili na biyu shi ne, motocin zamani suna da wata na'ura a jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi. Wannan na'ura ba ta fara aiki sai ta yi zafi ƙwarai, wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selshiyos. Kafin nan hayaƙi yana wucewa ne kusan yadda ya fito. Wanda ya yarda aka cire masa ita aka sayar, to motarsa ta zama kullum kamar mai sanyi.

Dalili na uku shi ne mota mai tafiya tana watsa hayaƙinta a tsawon hanya, mai tsayuwa kuwa tana tara shi ne a kan mutanen da ke kewaye da ita.

Abokan gaba uku

Na ɗaya shi ne iskoki dangin naitirojin. Irin waɗanda ke sa 'yan kallon tsere hawaye ne, kuma injin gas, watau dizal, yana fitar da su da yawa. Suna kumbura hanyoyin numfashi, suna ta da asma.

Na biyu shi ne baƙin kunkunniya. Ƙwayoyinta ƙanana ne ainun, suna kutsawa har ƙarshen huhu, suna kuma da hannu a ciwon zuciya. A shekarar 2012 cibiyar nan ta Liyon ta tabbatar da cewa hayaƙin injin gas yana jawo ciwon dajin huhu. Wannan cuta ce ta sannu a hankali, ta shekara da shekaru.

Na uku, wanda ya fi su gaggawa, shi ne kabon monoksaid. Injin fetur ya fi fitar da shi, musamman janareta da babur. A cikin jini akwai wani sinadari mai ɗaukar oksijin ya kai wa sassan jiki. Kabon monoksaid yana kama wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan ya zauna a gurbin, mutum zai ci gaba da numfashi amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna cikin yunwar iska. Ba ya sa hawaye, ba ya sa tari, mai barci kuma ba ya farkawa. Shi ne ke halaka iyali gaba ɗaya a dare guda idan aka shigar da janareta cikin gida don gudun ɓarawo ko ruwan sama. Kaskon gawayi da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, shi ma wannan gubar yake fitarwa.

Alamomin da za a lura da su

Ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya ko amai, da kasala, da ruɗewa, daga ƙarshe suma. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ko guba a abinci, ko kuwa sammu. Ga abubuwa uku da za su raba gardama: mutane da dama sun kamu lokaci guda a wuri guda; galibi babu zafin jiki; wanda ya fita waje kuma yakan ji sauƙi. Jarirai, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da masu amosanin jini, su ne suka fi saurin galabaita.

Taimakon farko

1. A buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe injin idan babu haɗari. Kada mai ceto ya daɗe a ciki, don kada a sami majinyata biyu.

2. A fitar da mutum fili, a sassauta masa tufafi. Idan ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe.

3. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwa. Gubar a cikin jini take, ba a ciki ba, ɗuri kuma yana iya sarƙe shi.

4. A kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa likita cewa hayaƙin inji ya shaƙa. Da iskar fili kawai, jiki yana bukatar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar. Da oksijin na asibiti kuwa, awa 1 da 'yan mintoci sun isa.

5. Ko ya farfaɗo, lalle likita ya duba shi, domin mantuwa da wasu larurorin ƙwaƙwalwa suna iya biyo baya bayan kwanaki ko makonni.

Hanyoyin rigakafi

Ga direbobi: ƙaramar mota ta zamani ba ta bukatar dogon ɗumi. Minti 1 ya isa, sa'an nan a tafi sannu-sannu, gama inji ya fi saurin yin ɗumi a kan tafiya. Direban babbar mota ya jira iskar birki ta cika, daga nan ya tashi, kada ya bar ta tana aiki ya tafi shan shayi. Kafin ya murɗa makulli ya zagaya motar, ya tashi duk wanda ke kwance a gindinta. Kada a yi barci cikin mota inji na aiki, gilashi a rufe. Salansa mai yoyo a gyara ta ba tare da jinkiri ba.

Ga shugabannin tasha da kasuwa: a ware wurin ta da motoci nesa da masu abinci, a jera su yadda bakin salansa zai dubi fili, ba rumfuna ba. A kashe inji lokacin lodi.

Ga makanikai: kada a gwada inji cikin rufaffen shago. A tura mota waje. A kuma tuna cewa yaran da iyaye suka kawo koyon sana'a amana ce.

Ga magidanta: janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki. Zaure, da baranda, da ƙarƙashin bene, da madafa, duk ba waje ba ne. Mai hali ya sayi na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan guba.

Ga 'yan kallon wasan mota: a tsaya nesa, ta gefen da iska ke fitowa, kada a kawo ƙananan yara. Rawani, ko gyale, ko takunkumin yadi suna rage ƙura, amma ba sa tare iskar guba ko kaɗan.

Doka da hakkin maƙwabci

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, ta kuma kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a shekarar 2007. A shekarar 2011 aka fitar da ƙa'idojin ƙayyade hayaƙin injunan fetur da na gas. Amma jami'in gwamnati ba zai iya tsayawa a bayan kowace salansa da asuba ba. Mai makulli a hannu shi ne mai tsaro na farko, kuma hayaƙin da ya saki ba a cikin huhunsa kaɗai yake sauka ba.

Duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi, muna roƙonsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a tasha, da gareji, da majalisar unguwa. Inji na bukatar fili, mutum na bukatar tazara. Rigakafi ya fi magani.